Ƙasar Tsohuwar Gona a Cikin Farce

Shekara shida ba na gida. Na dawo na tarar an yi wa majami'a rufin kwano, an sare tsamiyar da muke zama a gindinta, Baba Tambaya mai kaɗa ƙararrawa ya rasu, waɗanda muka yi ajin nan na makarantar Lahadi tare duk sun yi aure. Wuta-wuta kuwa, ciyawar nan mai kashe dawa, tana nan a gonar bayan majami'a yadda na bar ta. A kanta zan ba ku misali, ku 'yan ajin yanzu.

Akwai wani manomi wanda wuta-wuta ta cinye wa gona. Kowace damina yakan durƙusa yana tuge ta da hannu, ita kuwa sai ƙaruwa take yi, dawarsa tana mutuwa a tsaye. Da ya gaji, sai ya shiga gonar ya ɗebi ƙasarta, ya murza, ya watsar. Ya ce wa matarsa, "Wannan ƙasa la'ananniya ce. Tashi mu tafi."

Mutumin ya san irin wuta-wuta ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya kama shi. Saboda haka ya ƙone takalmansa, ya wanke fartanyarsa da toka, ya bar rumbunsa da abin da ke ciki, ya nemi sabon iri. Ya yi wanka da sabulu har sau biyu.

Matarsa ta dubi hannunsa ta ce, "Maigida, faratan nan fa? Dubi baƙin da ke ciki. Bari in ɗauko reza."

Ya ce, "Ke dai! Hannun manomi ne, ba na malamin makaranta ba. Ɗauki kaya."

Suka yi tafiyar kwana biyu, suka sauka a wata ƙasa inda ba a taɓa ganin wuta-wuta ba. Ruwan shuka ya sauka, ya yi shuka da hannun nan, yana rufe iri da yatsunsa. Dawa ta fito kore shar. A tsakiyar damina wasu furanni uku suka ɓullo a gindinta, maƙwabta suna cewa suna da kyau. Shekara ta biyu suka cika gonar. Ta uku suka tsallaka zuwa gonakin maƙwabta.

Manomin ya ce wa matarsa, "Wannan ƙasa ma la'ananniya ce. Tashi mu tafi."

Ba ta tashi ba. Ta ajiye reza a kan tabarma ta ce, "Ƙasa ba ta da ƙafa, maigida. Kai ka ɗauko ta."

To, ma'anar misalin nan ke nan. Gona zaman mutum ce, wuta-wuta kuwa zunubi. Ƙona takalmi da wankan sabulu su ne sake gari, sake abokai, har da sake majami'a. Ƙasar cikin farce ita ce ɗan abin nan da muke kira "halina ne": 'yar ƙarya, ɗan riƙo, fushin da ba mu taɓa kai wa Ubangiji ba. Shi yake bin mutum duk inda ya sauka, ya kuma shafi waɗanda suka karɓe shi. Ku yanke faratanku, ku sakace ƙarƙashinsu kafin ku sa hannu a kwano. In kuna yi, ku roƙi Allah ya duba inda wanka bai kai ba.

Jibi zan sake kama hanya, wannan karon Fatakwal. Na riga na ɗaure jaka. Ɗazu na tarar Inna ta ajiye sabuwar reza a kan jakar.