'Yar Jakar da ke Ƙarƙashin Sirdi

Akwai wani magidanci a wani ƙauye kusa da Yargalma, sunansa Jamilu. A shekarar da aka taƙaita hawan babura aka kuma katse layukan waya a yankin, kowa ya koma kan keke. Jamilu ya dawo daga wurin haƙar zinare da ɗan abin hannunsa, ya je Anka ya sayo keke sabo fil, har da madubi biyu da famfo maƙale a jiki. Ledar da ke jikin ƙarfen ma ya ƙi cirewa.

Ranar da ya kawo keken, Inna, mahaifiyarsa, ta sa masa albarka. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa, ta ɗaure ta ƙarƙashin sirdi da hannunta. Ta marigayi mahaifinsa ce. A ciki akwai tsofaffin cokula biyu da aka daddaƙe bakinsu don ɓamɓare taya, da guntun gwangwani da aka huhhuda da ƙusa don kankare tib, da ƙyallen tib na faci, da zaren roba, da ɗan kwalban sholisho, wato gam ɗin liƙa faci. Inna ta ce babansa bai taɓa fita bayan gari ba tare da ita ba.

Matsalar ita ce jakar tana da surutu. Ko ɗan rami keken ya faɗa, sai cokulan su ɗauki ƙwaram-ƙwaram. Abokansa na majalisa suka samu abin yi. Faruku, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce da ya ji ƙarar ya zaci mai sayar da koko ne ya shigo gari. Aka yi ta dariya. Jamilu ma ya yi, amma ta ciki na ciki.

Washegari da ya kai bakin rafi, ya kwance jakar ya wurga ta cikin ciyawa. Ya ce wa kansa sabuwar taya ba ta san faci ba. Da Inna ta tambaya, ya ce ya adana ta ne.

Damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama 'yarsa Muhsina, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Aka ba ta jiƙo, aka ba ta maganin kanti, jiki ya ƙi sanyi. Wata rana da hantsi ta fara sanƙarewa, idanunta suka juye. Ba waya, ba babur. Rabi, matar Jamilu, ta goya ta, ta koma ɗaki a guje ta ɗauko wani ƙunshi, ta hau kariyar keken, Jamilu ya tuƙa. Suka nufi asibiti a Bukkuyum. Kowa ya san hanyar nan ba a son la'asar ta iske mutum a kanta saboda 'yan bindiga.

Sun wuce gonaki sun shiga daji, sai tayar baya ta yi laushi, kafin ka ce me ta kwanta. Ƙaya ce. Jamilu ya buga famfo, iska ta fice. Ya sake bugawa, ta sake ficewa. Ya sa yatsu zai ɓamɓare tayar, sabuwar taya ta kama gam, farcensa ya tsage. Ya gwada da kara, ya karye. Ya ɗaga kai gabas da yamma, ko makiyayi babu. A bayan Rabi yarinyar tana numfashi sama-sama.

A nan ya tuna da bakin rafi. Ya ce wa Rabi ta jira shi, zai koma da gudu ya duba wani abu.

Ta kwance ƙunshin ta miƙo masa. "Wagga jikka kaka nema? Ga ta. Ran da nit tai itace nit tsince ta cikin haki. Na ji tsoron hwaɗanka, shi as sa ni ɓoye ta cikin kwanoni."

Kunya ta kama shi, amma ba lokacin kunya ba ne. Ya zura cokali ɗaya, ya bi da na biyu, tayar ta buɗe kamar ba ita ta gagare shi ba. Ya zaro tib ya hura, ya kara shi a kumatu har ya ji inda iska ke tsirtowa. Ya kankare wurin da guntun gwangwanin, ya yanki ƙyalle. Ya buɗe kwalban sholisho, ya tarar ya bushe ƙamas. Kwanakin da jakar ta yi a yashe cikin rana sun gama da shi.

Jamilu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Rabi ce ta tuna masa cewa ta taɓa jin Inna na faɗin yadda babansa ke ɗaure huji da zaren roba in sholisho ya ƙare masa. Ya naɗe wurin tam, ya mayar, ya buga famfo. Tayar ta tashi, amma ɗaurin ba faci ba ne. Su yi ɗan tafiya ta sace, ya sauka ya buga, su ƙara gaba ta sake sacewa. Tafiyar da ya kamata su gama kafin azahar, sai da rana ta karkata sosai suka shiga Bukkuyum.

Allah ya yi da sauran kwananta, Muhsina ta tashi. Bayan an sallamo su ne Rabi ta lura in an kira yarinyar daga baya ba ta waigowa. Aka koma asibiti, aka ce zazzaɓin ya taɓa mata ji. Babu wanda ya ce wa Jamilu jinkirin hanya ne ya jawo, kuma mai yiwuwa ko sun isa da wuri hakan za ta faru. Inna ma cewa ta yi ƙaddara ce, ya daina cin ransa. Shi dai ya san abin da ya wurga cikin ciyawa, kuma ya san dalilin da ya sa.

Ya sayi sabon sholisho, ya mayar da jakar ƙarƙashin sirdi. Faruku bai sake yi masa ba'a ba. Yanzu tun daga bakin gari ake jin ƙwaram-ƙwaram ɗin cokulan, yaran unguwa su ruga suna cewa ga Jamilu ya dawo. Muhsina kuwa tana zaune a ƙofar gida tana wasa da ƙasa, sai inuwarsa ta faɗo mata take ɗaga kai.

Darasi: Kada dariyar majalisa ta sa ka yar da abin da manya suka ɗaura maka don tsaron hanya, masu dariyar ba sa nan ranar da za ka neme shi. Kafin ka fita, duba ƙananan kayan gyaranka, ko sabon keke ne. Ku tura wa 'yan uwa masu bin hanyoyin daji, Allah ya tsare mana iyalanmu.