Muryar Yaya a Cikin Kwamfuta

Akwai wani saurayi da 'yan gidansu ke kira Injiniya, don kawai ya taɓa gyara musu rimot. Sunan kuwa ya hau masa kai.

Da ya samu gurbin karatun rubuta manhajar kwamfuta a jami'a, aka ce kowane ɗalibi ya zo da tasa kwamfutar. Mahaifiyarsa ta buɗe akwati, ta ɗauko ta yayansa da ya rasu shekara biyu da suka wuce. A cikinta akwai saƙonnin murya goma sha ɗaya da marigayin ya ɗaukar mata yana kwance a asibiti. Babu su a ko'ina sai nan.

"Ka riƙe min ita da kyau," in ji ta. "Ka san abin da ke ciki."

"Haba Mama, ni za a koya wa kwamfuta?"

A satin farko malami ya raba takarda mai matakai tara na ɗora sabon tsarin da za su yi aiki da shi. Mataki na ɗaya: kwafe duk abin da ke cikin kwamfutarka zuwa filashi. Abokin ɗakinsa har miƙo masa nasa filashin ya yi.

"Wannan na 'yan koyo ne," in ji Injiniya, ya tsallake zuwa na huɗu.

Kwamfutar ta tambaye shi ko a bar tsohon tsarin a gefe, ko a goge komai. Yana ta zuba surutu, ko karantawa bai yi ba ya danna na biyun.

Ya riga kowa gamawa. Sai da ya kunna, hoton yayansa da ya saba fitowa bai fito ba, sannan ya gane abin da ya yi.

Masu gyara uku ya kai wa. Na ƙarshen ya girgiza kai ya ce, "Ɗan'uwa, sabon ya hau kan tsohon. Sai haƙuri."

Tun daga ranar, duk sanda ya buɗe ta a aji sai ya ji kamar yayansa na tsaye a bayansa. Haruffan da yatsun marigayin suka koɗar suna nan ƙarƙashin nasa yatsun. Yakan waiwaya, ba kowa sai kujeru.

Da ya zo hutu, Mama ta zauna a bakin gado ta ce, "Kunna min yayanka."

Ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Wallahi da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyara zama.

"Ba komai. Ai kai ma ka sha jin su. Faɗa min na ƙarshen, yadda ya faɗa."

Sai a lokacin ya gane bai taɓa zama ya saurari ko ɗaya har ƙarshe ba.

Darasi: Matakin da ka raina ka tsallake don ka fi ƙarfinsa, wataƙila shi ne yake tsare amanar wani. Ka karanta kafin ka danna, ka adana kafin ka goge. Ku tura wa duk ɗalibin da ke shirin fara karatu, kafin ya taɓa kwamfutar gida.