Ranar da Fara Ta Sauka a Gonar Dhapu

Malaminmu, mai zurfin ilimi da zuhudu, wanda tsantseninsa ya kai ba ya shan ruwa sai an tace, ba ya magana sai da ƙyalle a bakinsa don kada numfashinsa ya cutar da ƙwaro, ya koya mana cewa duk mai rai yana son ransa. Shekara talatin na bi shi babu takalmi, har ƙafafuna suka gaji da ni.

Wata damina muka yada zango a wani ƙauye na yankin Marwar, domin ba ma tafiya lokacin ruwa, gudun taka halittu. Shekara uku mutanen ƙauyen suna fama da fari, sai bana gero ya yi kai. Ana saura kwana goma girbi, fara ta rufe gari da hantsi.

Manoma suka fito da kananzir da wuta. Malam, da tsufansa da azumin kwana takwas, ya dafa kafaɗata muka isa gonar wata gwauruwa mai suna Dhapu.

"Baba, matsa mana!" in ji ta. "Ku da ake dafa muku, me kuka sani game da yunwa? Jikokina za su ci wa'azi ne?"

Ya ce, "Su ma yunwa ta kawo su, 'yata. Ku ba ni zuwa tsakar rana."

Ya shiga cikin geron ya tsaya. Fara ta hau kansa, ta rufe fuskarsa da hannuwansa, bai motsa ba. Ni kuwa ɗaya ta shiga wuyana, kuma ina shaida wa kaina cewa na so in murƙushe ta. Manoma na zagi ƙasa-ƙasa.

Rana na kaiwa tsaka, ba iska ba hayaƙi, garken ya tashi gaba ɗaya ya nufi hamada. Kunya biyu kawai suka ci.

Dhapu ta faɗi tana taɓa ƙafafunsa. Ya ce, "A hankali, akwai wata ƙarƙashin gwiwarki." Raunanan da suka kasa tashi sun cika ƙasa, sai da ya share su ɗaya-ɗaya da tsintsiyarsa ta ulu. Taku arba'in ne zuwa hanya, muka yi su har la'asar.

Madalla da wannan bawa mai tausayi. Na tsufa ban kai ƙurar sawunsa ba. Albarkarsa ta lulluɓe mu, da mu da duk abin da ke numfashi.