Ranar da Wayoyin Tasha Suka Hau Dutse

Akwai wani matashi a Kurfi mai suna Abubakar Sadiƙ. Yana aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa manoma, wadda babban ofishinta yake Dutsin-Ma. Ofishin Kurfi ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kwamfuta, sai wata eriya da aka ɗaura a kan dogon ƙarfe don ta jawo sabis. Shi kaɗai ne a ciki.

A ofishin Dutsin-Ma akwai abokin aikinsa Cornelius, mutumin Kafanchan, gwanin haɗa bidiyo. Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Mutumin kirki ne, sai dai akwai saurin hawa.

Wata damina sai wata gidauniya ta buɗe gasa. Ƙauyen da ya turo bidiyon da ya fi nuna ƙoƙarin manomansa, za a haƙa masa burtsatse mai aiki da hasken rana. Abubakar ya zaɓi Ɗantutture. Ya ɗauki bidiyon matan ƙauyen da ke rayar da lambu da ruwan da suke ɗaukowa a kai, ya ɗauki tsofaffi suna ba da labarin rijiyoyin da suka ƙafe. Sai ana gobe za a rufe gasar ya samu ya kammala.

Shirinsu mai sauƙi ne. Da safe ya sa bidiyon a filash, ya hau mota ya kai wa Cornelius, shi kuma ya gyara ya tura kafin yamma.

Gari na wayewa sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin hantsi ruwa ya haura wani kwalbati a hanya, ba mota ba babur. Duk wanda ya nufi Dutsin-Ma sai ya juyo tasha.

Cornelius ya bugo waya. "Malam Abubakar, turo ta intanet. Yanzu-yanzu!"

Bidiyon kuwa jibgege ne. Abubakar ya danna turawa, ya zauna yana kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana rarrafe. Ya kai kwata, sabis ya ɗauke, komai ya koma farko. Ya sake. Ya kai rabi, ya sake yankewa. Ya fita cikin yayyafi ya juya eriyar, ya dawo jiƙe sharkaf, ya sake dannawa.

Wannan karon abin ya kama. Layin ya wuce rabi, ya ci gaba, ya ci gaba. Abubakar ya miƙe tsaye, ya kasa zama.

"Oga Cornelius, yana tafiya!"

"Ina gani! Kar ka taɓa komai. Ko numfashi kar ka yi kusa da kwamfutar nan!"

Saura kaɗan ya cika sai aka banko ƙofa. Sista Dina ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke bayan ofishin. Tana riƙe da kwamfutarta a cikin leda. Bayanta wani dattijo ne, hularsa a karkace, idonsa ya yi ja. Malam Audi ke nan, direba, kuma babba a tashar garin.

"Malam Abubakar, ka taimaka," in ji Dina tana haki. "Matar Malam Audi ce, Azumi. Cikinta ya tsufa, tun safe take zubar jini. Likitanmu ruwa ya tsare shi a Dutsin-Ma. Na yi mata sikanin, wato hoton ciki, dole ya gani ya faɗa mini abin da zan yi. Wayata ta ƙi tura komai. Eriyarka kaɗai ke kamawa a unguwar nan."

Abubakar ya dubi kwamfutarsa. Ya san layinsa sarai, ba ya ɗaukar aiki biyu. In ya ba ta, nasa zai yanke ya koma farko, kuma lokacin da ya rage ba zai isa a sake ba.

"Ba za a iya jira ko kaɗan ba?" ya tambaya.

Malam Audi ne ya ce, "Ɗana, ni ban san mi kake aikawa ba. Na dai baro ta tana kiran sunan uwarta."

Abubakar ya miƙa hannu ya tsayar da aikinsa. Ya ja wa Dina kujera. "Bismillah, Sista. Zauna."

Nan take wayarsa ta ɗauki ƙara.

"Me ya faru? Ya tsaya! Sabis ne?"

"Ni na tsayar."

"Kai ka tsayar? Kana cikin hankalinka kuwa? Ruwan ƙauye guda ka zubar da hannunka!"

Abubakar ya yi masa bayani a taƙaice. Cornelius ya kashe wayar ba sallama.

Hotunan sikanin suka tafi. Likita ya kira ta bidiyo, ya duba, ya yi wa Dina tambayoyi, ya faɗa mata allurar da za ta yi da ruwan da za ta sa. Ya ce jaririn yana raye, kada a kuskura a jijjiga matar a hanya sai ruwa ya janye. Dina ta kwashi kayanta da gudu, Malam Audi na biye da ita.

Ofis ya yi tsit. Abubakar ya tuna wata tsohuwa a Ɗantutture da ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka nuna masu kafaɗunmu, su ga abin da tulu ya yi mana." Ya yi azahar, ya dawo ya zauna.

Sai ga kiran Cornelius. Muryarsa ta sauka.

"Yaya jikin matar?"

"Ban ji ba tukuna."

"Allah ya ba ta lafiya. Ka ji, akwai dabara. A yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, a sa wa kowace lamba. Ƙaramin yanki ko sabis ya yanke, shi kaɗai za a sake. Ni zan haɗa su a nan. Matsalar ita ce layi ɗaya ba zai gama kafin yamma ba. Da muna da layuka da yawa..."

Yana cikin magana Malam Audi ya yi sallama, fuskarsa a sake.

"Jinin ya tsaya! Alhamdulillahi, har ta sha kunu!" Sai ya lura da fuskar Abubakar. "To kai mi ya same ka?"

Abubakar ya so ya ɓoye, dattijon ya matsa. Da ya ji labarin burtsatsen da maganar layuka, sai ya tafa hannu.

"Waya kake nema? Tasha cike take da mutanen da ruwa ya tsare, kowa na zaune yana latsa waya! Ɗauko kayanka!"

"Baba, ai cikin gari ba sabis."

"A kan dutsen da ke bayan tasha akwai. Can muke hawa in za mu kira Legas."

Jama'a, ku zo ku ga abin mamaki.

Malam Audi ya hau kan bencin tasha ya ɗaga murya. "Ku saurara! Yaron nan ya bar aikinsa ya ceci iyalina yau. Aikin kuma na ruwan mutanen Ɗantutture ne. Duk mai babbar waya da data, ya biyo mu!"

Direbobi suka tashi. 'Yan kasuwa suka tashi. Ɗalibai masu komawa makaranta suka tashi. Wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa ta ce gwiwarta ba za ta hau dutse ba, amma ga wayarta, a tafi da ita.

Aka ɗunguma. Dutsen da santsi saboda ruwa, ana jan juna da hannu ana dariya. A sama Abubakar ya shimfiɗa buhu ya ɗora kwamfuta, wani ya riƙe masa lema. Mutane suka yi layi. Kowa ya miƙo waya, a jona kebul, a zuba masa yankinsa, a ba shi lambar Cornelius.

Kafin ka ce me, kan dutse ya cika da hannuwa a sama. Wannan ya juya gabas, wancan ya hau wani ƙaramin dutse ya tsaya da ƙafa ɗaya.

"Nawa ya tafi!"

"Nawa ya yanke!"

"Sake turawa! Matso nan, nan ya fi kamawa!"

An sa Cornelius a sifika, muryarsa na tashi kowa na ji. "Na uku ya shigo! Na bakwai ya shigo! Kai, wane ne mai na tara? Allah ya yi masa albarka!" Duk lambar da ya kira, sai dutse ya ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo.

Bayan la'asar ya ce, "Duk sun zo, saura ɗaya. Na tsakiya ne. In babu shi, sauran ba za su buɗe ba!"

Aka shiga tambaya. Ashe yana wayar wani ɗan tireda mai suna Zaharaddin, wata tsohuwar waya da gilashinta ya tsattsage. Yana tsaye can gefe yana zufa.

"Yana tafiya, amma caji ya yi ja. Yanzu za ta mutu!"

Abubakar ya duba kwamfutarsa don ya zuba wa wani yankin, sai ya tarar ita ma ta mutu.

Malam Audi bai tsaya shawara ba. Ya kira direbobi biyu, suka gangara a guje. Can sai ga su suna hawowa, sun kinkimo batirin motarsa sukutum, da cajar mota da wayoyin wuta suna reto. Aka dire shi gaban Zaharaddin, wani bakanike ya murɗa wayoyin wutar da haƙori ya haɗa. Hasken wayar ya dusashe, sai alamar caji ta fito.

Can sai muryar Cornelius ta tashi.

"Ya shigo! Ya buɗe! Ina ganin matan da tulunansu!"

Kabbara ta tashi. Aka ɗaga Zaharaddin sama, shi da wayar, har da cajar.

Cornelius ya duƙufa. Ko ruwa bai sha ba sai da ya gyara bidiyon ya tura, rana na shirin faɗuwa. Sannan ya kira Abubakar.

"Malam Abubakar, ɗazu na yi maka ihu. Ka yafe mini. Da matata ce a gadon nan, abin da zan roƙa a yi ke nan."

"Ba komai, Oga. Ni ma ba da daɗin rai na tsayar ba."

Bayan kaka sakamako ya fito. Ɗantutture ce ta ci. Azumi kuma ta sauka lafiya, ta samu ɗiya mace, aka sa mata Mubina.

Ranar da aka buɗe burtsatsen, Malam Audi ya ciko motarsa da mutanen tasha kyauta, ya tsaya a hanya ya ɗauki Cornelius da Sista Dina. Aka murɗa famfo. Bututu ya yi tari, ya yi gurnani, sai ruwa ya feso fari tas. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka faɗa ciki da kayansu.

Cornelius ya zo da kyamara don ya ɗauki bikin. Sai da aka watse ya lura bai ko cire murfinta ba. Yana tsaye cikin taɓo har idon sawu, takalmi a hannu, yana dariya hawaye na zuba.

Darasi: Idan ran mutum ya zo gabanka yana neman agaji, kada ka ce sai ka gama naka. Abubakar bai san abin da zai biyo baya ba lokacin da ya tsayar da aikinsa, ya dai ga mai buƙata ya taimaka, Allah kuma ya turo masa hannaye fiye da wanda ya bayar. Kuma in ka yi fushi ka gane kuskure, ka yi saurin neman afuwa kamar Cornelius. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki wannan labari, wataƙila akwai wanda yau ake ƙwanƙwasa masa ƙofa yana tsakiyar aikinsa.