Baƙin da ke Cikin Ganyen Kolea

Akwai wani dattijo a tsibirin Maui mai suna Kahiau. A bayan gidansa akwai bishiyoyin kolea da marigayiya matarsa ta ciro daga kan dutse tun suna ƙanana, kafin awaki su cinye dajin ƙarƙaf.

Wani ɗan mitsitsin asu ya biyo bishiyoyin. Tsutsarsa a cikin ganye take rayuwa, tana ci tana barin siririn zane. Ba ta cin komai sai kolea, kuma a duk yankin, a gidansa ne kaɗai ta rage. Kahiau yana kiran tsutsotsin baƙin matarsa.

'Yarsa Nohea tana aiki a Honolulu. Tana son ubanta sosai, amma akwai ta da gaggawa. In ya fara zancen ganye a waya sai ta ce, "Baba, kai da ciyayinka! Ka dai sha maganinka?"

Da aka kwantar da shi a asibiti, ta zo gida. Ta ga ganyayen duk sun yi zane-zane, ta ce lallai cutar ƙwari ce. Ta tsinke su tas ta ƙone, ta yi wa bishiyoyin feshin magani. Har da waƙarta take aikin, don tana so ta faranta masa.

Ranar da aka sallame shi, ta rataya masa furanni a wuya, ta ja hannunsa zuwa bayan gida.

"Duba, Baba! Na raba ka da ƙwarin nan."

Kahiau ya yi ta juya ganyayen ɗaya bayan ɗaya. Can ya zauna a ƙasa.

"'Yar nan, mahaifiyarki kan gaishe su kowace safiya. Su kaɗai suka rage mini daga gare ta."

Nohea ta fashe da kuka. Ta hau dutse ta nemi kolea ko za ta samo wasu tsutsotsin, ba ta tarar da komai ba sai ciyawa. A bishiyoyin bayan gida kuwa sabon ganye ya fito, kore shar, babu zane ko ɗaya.

Kahiau bai taɓa yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Kullum yakan fita ya duba, ya dawo. Wata safiya ta tambaye shi yaya ganyen.

Ya ce, "Sun yi kyau ƙwarai, 'yata. Ba kowa a ciki ne kawai."

Darasi: Kafin ka gyara abin wani, tambaye shi me yake nufi a wurinsa. Ku saurari iyayenku ko da zancen ganye suke yi. A tura wa duk wanda iyayensa ke raye.