Ƙwaron da Ya Shiga ta Bakin Sara

Ku yaran yanzu, gaggawa ta yi muku yawa. Ba ku iya jiran komai ba, ko addu'ar cin abinci sai kun gutsure ta. Ku zauna ku ji.

Akwai wani mutum da ya gaji itatuwan mangwaro daga ubansa. Babban cikinsu yana ƙofar gida, a inuwarsa uwarsa take shimfiɗa tabarma. Wata shekara itacen ya yi jinkirin fure. Mutumin ya ji a kasuwa wai in an sassare bawo da adda, itace yakan tsorata ya zuba 'ya'ya. Uwarsa ta hana shi, ta ce ubansa taki yake zubawa ya jira. Ya ce, "To, Inna." Tana tafiya rijiya ya ɗauki adda.

Saran ya yi ta zubar da ruwa, ruwan ya yi tsami a rana. Akwai kuwa wani ɗan ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar dawa ba, ko manoma ba su cika sanin sunansa ba. Ba ya iya huda lafiyayyen bawo, warin tsami yake bi. Ya shiga ta bakin saran, ɗauke da ruɓa a jikinsa. Ganye ya soma bushewa daga sama.

Mutumin ya ga ƙwarin sun fara leƙa sauran itatuwan, hankalinsa ya tashi. Ya durƙusa gaban uwarsa ya nemi gafara. Ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma ɗauko gatari, tun sauran suna da rai."

Ma'anar wannan misali ke nan. Itacen zuciyarku ce, bawon kuwa biyayya ga maganar Ubangiji. Ƙwaron shi ne Mugun, ba shi da ƙarfin fasa biyayyar nan. Jira yake ku sare ta da hannunku saboda rashin haƙuri. Wanda ya tuba da wuri, Allah yakan cece shi da abin da ya rage masa.

Haka ya zama ga mutumin nan. Sauran itatuwan suka rayu, suka yi 'ya'ya har maƙwabta suka ci, kututturen wanda aka sare ma ya yi toho da damina. Amma babban itacen, shi da kansa ya sare shi ya ƙone. Shekara da shekaru yana yi wa uwarsa rumfar kara a inda dā inuwar itacen ubansa take.