Hedimastan Da Ya Hana Waƙa A Gidansa

An yi wani hedimasta mai girman kai wanda ya ƙi jinin waƙa. A wurinsa waƙa da rawa da zane duk shiririta ce ta marasa aikin yi. Matarsa kuwa tela ce, tun tana yarinya ba ta taka keke sai bakinta na rera wani abu.

Wata uku da aurensu ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya ce gidansa ba filin wasa ba ne. Da ta haihu ya same ta tana yi wa jaririyar waƙar lallashi, ya ce ta ba ta nono ta rufe wa mutane baki. Ranar da yarinyar ta zana kyanwa da gawayi a bango, sai da ta sha bulala.

Shekara talatin ba a jin komai a gidan sai ƙarar keke. Matar ba ta manta ba, ba ta kuma yafe ba.

Wata safiya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya ɗaure. Mai tsawa ya koma ko ruwa ba ya iya nema. Likita ta ce masu irin wannan ciwo sukan iya rera abin da suka kasa faɗa. In wani na kusa ya riƙa yi masa waƙa kullum yana bi, magana za ta iya dawowa.

'Yarsu ta zo da goyonta, amma ba ta san waƙa ko ɗaya ba. Jikar ce ta samu cokali tana buga kofi tana rausaya. Matar ta duba, sai ga yatsan tsohon yana bin kiɗan a gefen gado.

"Ashe kai ma waƙar tana jikinka, Malam?" in ji ta.

'Yar ta roƙe ta har da kuka, ta ce, "Umma, ko guda ɗaya ce ki yi masa."

Matar ta goge masa baki, ta gyara masa matashi, sannan ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Kai ka ce ta marasa aikin yi ce. Ni kuwa ɗinki na jirana."

Daga ranar ta koma waƙarta a kan keke, ƙofa a rufe. Tana ciyar da shi, tana yi masa wanka, amma da ta taka ɗakinsa sai ta tsuke baki. Shekara huɗu yana bin ta da ido. Ya rasu bai ce uffan ba.

Darasi a nan shi ne, waƙa da rawa ba abin da ɗan Adam ke tsinta ba ne don ya rasa abin yi. Da su aka halicce shi, jariri ma ba a koya masa. Matar ba ta kyauta ba, amma shi ya koya mata shirun. Duk wanda ya toshe bakin iyalinsa, ya sani wata rana bakin zai nema.